Bushiya da Tunku a Gaban Uwar Tafki

An yi wata shekara da damina ta yi gardama, tafkunan daji suka ƙafe sai guda ɗaya, Baƙin Tafki, wanda yake can tsakiyar kurmi. Ko da rana tsaka wurin duhu ne, kuma tsuntsu ba ya kuka a cikinsa. Mai tafkin wata tsohuwar kada ce makauniya, ana ce mata Uwar Tafki.

Wata safiya sai labari ya bazu cewa Uwar Tafki tana neman mai tsaron ƙwanta. Wanda ta ɗauka zai sha ruwa ya ƙoshi, shi da iyalinsa. Mai so ya zo ganawa ran Laraba da hantsi.

Dabbobi biyu kaɗai suka yi ƙarfin halin nema: Bushiya, mai tsoro amma mai kula, da maƙwabcinta Tunku, wanda bakinsa ba ya hutawa da yabon kansa.

Bushiya ba don jarumta ta fito ba. 'Ya'yanta huɗu ne, ƙaramarsu har ta daina kuka saboda ƙishi.

Sai ta nemi Gafiya, tsohuwar da ta yi wannan aiki shekara goma kafin ƙafafunta su gaza. Kwana uku tana zuwa, tana tambaya tana saurare.

"Gwaggo, me aikin yake bukata?"

Gafiya ta ce, "Ba a juya ƙwan kada. Ki riƙa taɓa yashin da hancinki, in ya yi sanyi ki ƙara ganye. Guza ne babban ɓarawo, ta gabas yake zuwa. In kin ji ƙwai yana kuka daga ciki, ki ruga ki kira uwar. Sannan, 'yata, ki yi mata magana a hankali. Ba ta gani, amma tana jin bugun zuciyar mai magana."

Tunku ya same ta a ƙofar raminta tana maimaita amsoshi ita kaɗai, ya fashe da dariya.

"Ke da wa kike magana? Ƙishi ya taɓa miki kai ne?"

"Shiri nake yi, Malam Tunku. Kai ba za ka je wurin Gwaggo Gafiya ba?"

"Ni? In zauna gaban tsohuwar da haƙoranta suka zube? Baki ke samo aiki, ni kuwa Allah ya ba ni. Makauniya ce fa! Duk abin da na gaya mata shi ke nan."

"Ba wasa ake yi da ita ba."

"Ke dai dunƙule ki kwanta, abin da kika iya ke nan!"

Ran Laraba Bushiya ta kakkaɓe ƙayoyinta, ta fita da wuri. Tana shiga kurmin sanyi ya ratsa ta. Ba iska, amma ganyaye suna motsi. Ta isa bakin ruwa ta zauna. Ruwan baƙi wuluk, ko inuwarta ba ta gani a ciki.

Sai da rana ta ɗaga sosai Tunku ya iso yana fito.

Wani abu da Bushiya ta ɗauka tsohon kututture ne ya buɗe idanu biyu farare fat.

"Ɗaya ta zo kafin lokaci, ɗaya ya zo bayansa," in ji Uwar Tafki. Muryarta kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. "Wa zai fara?"

"Ni mana!" Tunku ya ture Bushiya. "Ranki ya daɗe, ni ne Tunku, na kashe macizai arba'in, ban san tsoro ba."

"Me ka sani game da ƙwan kada?"

"Komai! Kullum zan riƙa juya miki su, su gasu daidai. Ai shekara bakwai na yi ina wannan aiki a Gulbin Yamma."

Bushiya ta dube shi. Ta san bai taɓa wuce gonar dawa ba.

"Wurin wa?" in ji Uwar Tafki.

"Wurin wata babbar kada mai jan ido. Har kuka ta yi da zan tafi."

Uwar Tafki ta ce, "Ƙanwata ce. Da gulbin ya ƙafe ta dawo nan."

Ruwan ya motsa ba tare da ƙara ba. Idanu biyu jajaye suka taso, suka matso gaɓa a hankali, suka tsaya daf da ƙafafun Tunku.

"Tunda kun saba," in ji Uwar Tafki, "ka san a baki muke ɗaukar 'ya'yanmu zuwa ruwa. Shiga bakinta ka nuna mini inda ake kwantar da su. In kuwa ba ka taɓa yi ba, ka faɗa, ka koma gida lafiya."

Mai jan ido ta wangale baki. Wani wari mai sanyi ya fito.

Bushiya ta raɗa masa, "Don Allah faɗi gaskiya! Ta ba ka hanya."

Tunku ya dubi haƙoran, ya dubi Bushiya. Ya kasa jure a ce ya yi ƙarya a gaban maƙwabciyarsa.

"Ke rufe mini baki! Wannan ai aikina ne."

Ya taka ya shiga. Bakin ya rufe a hankali, ƙif. Ba ihu, ba motsi.

"Saura ke," in ji Uwar Tafki.

Jikin Bushiya ya so ya dunƙule. Ta tuna ƙaramarta, ta ja numfashi, ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, sunana Bushiya. Ban taɓa wannan aiki ba, amma na koya wurin Gwaggo Gafiya." Ta faɗi zancen yashi da ganye, da hanyar Guza, da kukan ƙwai.

"In Guza ya zo ya fi ki ƙarfi fa?"

"Zan dunƙule a bakin ramin, ƙayoyina a waje, in yi ta kiranki."

"In biyu suka zo ta hanya biyu?"

Bushiya ta yi tunani. Jajayen idanun nan suna kanta.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Sai kin koya mini."

"Kin taɓa cin ƙwai?"

Zuciyarta ta buga da ƙarfi, ta kuma san an ji.

"Na taɓa. Na zabuwa, sau biyu, da yunwa ta matsa."

"Na ji ƙamshinsa tun kina shigowa kurmi," in ji Uwar Tafki. "Kina da tambaya?"

"Biyu. Yaushe ƙwan za su ƙyanƙyashe, don in san shirin da zan yi? Ta biyun roƙo ne. Tunku maƙwabcina ne, yana da iyali."

"Saura kwana ashirin. Gobe ki fara." Sannan ta juya kai wajen ƙanwarta. "Tofar da shi."

Tunku ya faɗo kan laka, jiƙe sharkaf, gashin kansa ya yi fari kamar toka. Ya ja jiki ya bar kurmin, bai waiwaya ba. Har ya tsufa, in an tambaye shi abin da ya gani a ciki, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Da la'asar Bushiya ta kawo 'ya'yanta bakin tafki, ƙaramar a bayanta. Suka sha har cikinsu ya ɗaure, fararen idanun nan suna fuskantarsu daga cikin ruwa.

Darasin wannan labari, yara, shi ne: in za ku neman aiki, ku fara sanin aikin wurin waɗanda suka yi shi, ku isa da wuri, ku amsa da natsuwa. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Wanda ya yi ƙarya don a ɗauke shi, za a ce ya nuna abin da ya faɗa, kuma a nan ne zai rasa mafita.