Gafiyar da Ta Toshe Ƙofar Bayanta

An yi wata Bushiya mai tsananin kunya, ko hanya za ta tambaya sai ta dunƙule tukuna. Raminta yana gefen wata gona, nan ta haifi 'ya'yanta. Da damina ta kama, mai gona ya zo da shanun huɗa, garma ta bi ta kan ramin ta kife shi. Ba da gangan aka yi ba, amma gida dai ya tafi. Ta kwashi 'ya'yan, jarirai ne, ƙayarsu ma ba ta yi ƙwari ba, ta shiga neman inda za ta sa su kafin ruwa ya sauko.

A ƙarƙashin wani rumbu kuwa akwai Gafiya, mai rowa da ji da kai, ɗakunanta cike da gyaɗa. Gidanta ƙofa biyu ne, kamar na kowace gafiya: babba a gaba, da wata 'yar ƙarama can baya cikin ciyawa, wadda kakanninsu suka yi wasiyya kada a rabu da ita, saboda ranar gudu.

A bakin wannan 'yar ƙofa Bushiya ta raɓe da yaranta. Ko ciki ba ta leƙa ba.

Sai ga Gafiya ta turo hanci. "Wace ce ta mayar mini da ƙofa masauki?"

"Sannu da hutawa, Hajiya. Garma ce ta rushe mana gida."

"Ni na ja garmar?"

"A'a, Hajiya. Ba abinci nake roƙo ba. Hadarin nan nake tsoro. Yaran nan in ruwa ya dake su, ba za su kai gobe ba."

"Da za ki haife su kin shawarce ni? Irinku na sani. A ba ku bakin ƙofa, gobe ku kira dangi, jibi ku nemi ɗaka. Ga ƙaya a jiki, ki farfashe mini daɓe. Tashi."

Bushiya ta tattara 'ya'yanta ta ja baya. Gafiya kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta kwaɓa laka, ta jawo ƙayar aduwa ta cusa, ta toshe ƙofar ta daddanna da ƙafa har sai da ta yi tauri, tana cewa, "In ga inda wani zai sake raɓewa."

Ku ji fa, yarana. Ƙofar da ko kallonta ba ta yi, ta gwammace ta sha wahalar toshe ta da a ce jarirai sun fake a ciki. Wannan wace irin zuciya ce?

Bushiya ta fito kan hanya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa. Sai ga wani tsohon Jaki, marar yawan magana, ɗauke da itace zai kai gari. Saura kaɗan ya taka su.

"Baiwar Allah, ina za ki da yara cikin wannan hadari?"

"Babu inda za ni, Baba."

Jaki ya dubi sama, ya dubi hanya. "Maigidana ya yi gaba. In na makara sanda ce. To, ni da sanda mun saba." Ya hau ɗan tudu, ya buɗe ƙafafunsa. "Shigo da su ƙarƙashina."

"Ai ba ka san ni ba, Baba."

"Ruwan ma bai san ki ba, kuma dukanki zai yi. Shigo."

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Itacen ya jiƙe ya ƙara nauyi, amma tsohon bai matsa ba. Bushiya ta lulluɓe 'ya'yanta tana lasar su, tana jin ɗuminsu.

A can gidan Gafiya, ruwa ya samu babbar ƙofa ya kwararo ciki. Ta ruga baya, ta tarar da aikin hannunta. Ta yi ta tono, ƙaya na soke mata hanci, ruwa ya kai mata wuya. Da kyar ta fasa ta faɗo waje, ruwan ya biyo ta, ya nufi kwari da gyaɗar duka.

Bushiya ta hango ta tana tangaɗi. Ita da ba ta iya ɗaga murya, ta ɗaga. "Hajiya, zo nan, akwai wuri."

"Ni? A ƙarƙashin jaki, tare da 'yan raɓe?" in ji Gafiya. "Kuma kada wanda ya taɓa mini gyaɗa, ina ganinku."

"Hajiya, ruwa ne ɓarawonki," in ji Jaki. "Shi za ki kai ƙara."

Ta yi tsaki, ta bi gyaɗarta da gudu. Ruwan kwari ya fizge ta, ya juya ta son ransa, ya watsar da ita cikin taɓo ko ƙwaya ɗaya babu a bakinta.

Da ruwa ya ɗauke, Jaki ya girgiza kunnuwa ya kama hanya, bai ko tambayi sunan kowa ba. Bushiya ta duba 'ya'yanta, duk suna motsi, a bushe. Kafin rana ta faɗi ta samu kogo a gindin wata tsamiya ta shigar da su.

Gafiya ta lallaɓo ta tarar gidanta ya rufta. Da yammar nan aka gan ta tana bin ramukan maƙwabta, hanci a kumbure, tana sallama da wata 'yar siririyar murya da ba a taɓa jin ta da ita ba.

Darasin wannan labari shi ne, marar gida ba shi ya zaɓa wa kansa ba, garma ce ta bi ta kansa, kuma ba ta gama yawo ba. Ni kullum hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi, ina tunanin masu kwana a bakin shaguna da ƙarƙashin gada. Yarana, in kun gan su kada ku kore su, kada ku yi musu dariya. In ba ku da ɗaki, kuna da inuwa, kuna da moɗar ruwa. Wanda ya toshe ƙofa don kada wani ya fake, ya sani kansa yake toshe wa.