Sunan da Cleophus Ya Goge

Akwai wani dattijo a garinmu, nan Alabama ta Amurka, mai suna Cleophus Tate. Shi ne shugaban dattawan coci, kuma mutum ne mai ji da kansa. Ko gaisawa kuka yi sai ya tuna maka da shi aka yi tattakin neman 'yancin zaɓe na baƙar fata a bayan Mama Odessa Greenlee, ranar da 'yan sanda suka karya mata ƙugu a matakalar kotu.

Tun daga wannan rana, da sanda take tafiya. Duk shekara ana maimaita tattakin daga coci zuwa kotu, kuma ba a ɗaga ƙafa sai an kira sunayen waɗanda aka daka. Mai rai ya amsa da bakinsa, wanda ya mutu kuma wani nasa ya ce, "Yana nan."

Bana Mama Odessa ta rasu. Cleophus ya gama sa rai shi zai riƙe sandarta a gaban jama'a, har sabuwar kwat ya saya.

Abu ɗaya ke ƙona masa rai. A ƙarshen rayuwarta tsohuwar ta tsaya kai da fata tana kare masu neman jinsi ɗaya. Cewa take yi ita ta san zafin kora, ba za ta kori kowa ba.

Da safiyar tattakin sai ga Lamont a sahun gaba, ma'aikacin jinyar da ya kula da ita shekara shida. Kowa ya san da namiji yake zaune. Cleophus ya nufe shi a fusace.

"Kai, koma baya. Nan wurin masu mutunci ne."

"Baba Cleophus, ita ta ce in tsaya nan."

"Ita ta ce, ko tsufa ya ce? Kun samu tsohuwa ta rikice kun cusa mata shirmenku. Ba dai ku ɓata mana tarihi ba."

Lamont ya koma can ƙarshen layi.

Mama Eula, ƙanwar marigayiyar, ta fara kiran sunaye daga takarda, da sandar a hannunta. Da ta zo kan Cleophus ya amsa da ƙarfi har da buga ƙirji. Sai ta naɗe takardar ta ce, "Virgil Mabry."

 Virgil ne telan da ya kwanta a kan Cleophus a matakalar kotu, ya karɓi kulkin da aka nufo shi da shi, ya rasa ido ɗaya. Virgil kuwa irin Lamont ne, danginsa sun yi watsi da shi tun kafin ya mutu.

"Wannan ba ya cikin takarda," in ji Cleophus.

"Ina zai kasance, bayan kai ka goge shi shekara hamsin da suka wuce? Yaya ta sa na yi mata alkawari zan kira shi. Ta ce a jira ka, kai ya kamata ka amsa."

Aka jira shi. Kalma biyu kacal, jama'a, amma girman kai ya ɗaure masa baki. Ya tsaya yana kallon takalminsa, kunya da haushi na cin sa.

Can daga baya muryar Lamont ta taso: "Yana nan."

Mama Eula ta ratsa mutane a hankali har ƙarshen layi, ta danƙa wa Lamont sandar, ta kamo hannunsa zuwa gaba. Aka tafi. Cleophus na tsaye a ƙofar coci cikin sabuwar kwat, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya waiwayo.

Darasi: Idan an taɓa wulaƙanta ka saboda yadda kake, kada ka zama mai wulaƙanta wani, kuma kada ka goge sunan wanda ya tare maka duka don kawai rayuwarsa ba ta yi maka ba. Tura wa wanda ka san yana bukatar jin wannan.