Kunyar Dinya da Baƙin Agwagin Kaka

Dalilin da ya sa baƙin agwagin nan da kuke ta nunawa suke sauka tafkinmu duk kaka, su ci su yi ɓul-ɓul, amma ba wanda ya taɓa tsintar ƙwansu ko ɗaya, ku zauna ku ji. Kai Ɗanlami, yar da dutsen nan, bakina ya gaji da yi maka magana.

A da can, Dinya, babbar agwagwar fadama, tana da 'yar fari mai suna Kyallu. Kun dai san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban jama'a. Kyallu na fara kiwo da kanta aka ba gwaggonta riƙo, ta tafi da ita can bayan hamada, ƙasar da ba su san wannan kunyar ba.

Shekara bakwai Dinya tana miƙa wuya tana duban sama, har wuyan ya sage. In Zalɓe maƙwabcinta ya ce, "Iya, wa ake jira ne?" sai ta ce, "Wa zan jira? Hadari nake dubawa." Hadari da kaka, jama'a!

A shekara ta takwas, an gama yankan shinkafa, ruwa ya fara ja da baya, sai ga ayarin agwagi ya sauko. Kyallu ce da dangin mijinta, sun rame, fikafikai duk sun zube. Ta rugo tana cewa, "Inna! Inna!" Zuciyar Dinya kamar ta fashe don murna. Amma ga idon tsuntsaye caa a kanta, sai ta tsoma kai cikin ruwa kamar mai neman abinci. Da ta ɗago ta ce wa Zalɓe, "A ce wa baƙi sannu da hanya."

Kyallu ta tsaya sororo. Ita dai ta ga uwarta ta juya mata baya.

Dinya kuwa a ɓoye take nata. Inda shinkafa ta fi zuba, nan take bar wa yarinyar. Ta shiga duhuwar ciyawa ta tsige gashin ƙirjinta ta yi wa Kyallu sheƙa mai laushi, domin ta ga alamar ƙwai na tafe. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da zafi ya fara, dangin miji suka yi shirin komawa. Kyallu ta zo ta durƙusa. Ta ce, "Inna, jikina ya yi nauyi, kuma wallahi hanyar nan ta ishe ni. An ce haihuwar fari gaban uwa ake yi. In zauna?"

Kowa ya kasa kunne. Dinya ta kau da kai ta ce, "Tafki ai na kowa ne."

"Ba tafki na tambaya ba, Inna. Ke na tambaya."

Zalɓe ya matso ya raɗa wa Dinya, "Haba Iya, buɗe baki mana! Kalma ɗaya ce."

Ta ce, "Da girmana? A gaban surukai?"

Kyallu ta jira, ta jira. Sannan ta ce, "To, a yafe mini," ta tashi ta bi ayari.

Sai da suka yi sama suka zama ɗigo-ɗigo, sannan Dinya ta manta da kunya, ta ɗaga kai ta kira sunan. Ina! Bakin bai saba da shi ba, 'yar siririyar murya ce ta fita, ko Zalɓe da ke kusa da ƙyar ya ji. Ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta yi kuka har ta gaji.

Da kaka ta zagayo Kyallu ta dawo, don ba ta yar da zumunci ba. Amma 'ya'yanta sun riga sun girma, suka gai da kakarsu daga nesa kamar baƙuwa. Kyallu ba ta ƙara tambaya ba, ita ma Dinya ba ta iya ce mata ta zauna ba.

Shi ya sa har yau agwagin nan can suke ƙyanƙyasa, sai 'ya'ya sun yi fiffike ake kawo su gaisuwa. Jikokin Dinya sun cika tafki maƙil, amma ba ta taɓa ganin ko ɗayansu yana ɗan tsako ba.