Shekara da Sunan da Ba Ta Faɗa

Akwai wata mata a Matameye mai suna Shekara, a zamanin da Faransawa suka fara buɗe lekol, wato makarantar boko, a garin. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar gero da ɗa guda, Muntaka.

To, Muntaka ɗan fari ne. Kun san alkunyar iyayenmu mata: ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, sai dai "wancan". Amma fa a zuci, kamar ta haɗiye shi don so.

Yaron yana son karatu. Sai dai lekol na komawa ne daidai lokacin da gero ya nuna, tsuntsaye suka sauko. 'Ya'yan attajirai suna da barori a gona. 'Ya'yan talakawa kuwa su ne masu kora, kuma daga gonar ba sa dawowa aji. Muntaka ma yana cikinsu.

Ranar nan mushe, wato malamin lekol ɗin, ya aiko: duk wanda bai zo ba ran Litinin, an soke sunansa.

Shekara ta yafa zane ta nufi lekol.

"Inna, wane yaro kika zo roƙa wa?" in ji mushe.

Ga yara sun zuba mata ido, ga nata a ranta, baki ya ƙi buɗuwa. Ta sunkuyar da kai.

"Yaran mutane," ta ce.

"Waɗanda ke gona su takwas ne fa."

"To, su takwas ɗin. Litinin za ka gan su."

A hanya ta yi ta yi wa kanta faɗa. Wa ya aike ta? Amma magana ta riga ta fita. Ta bi gida-gida tana tattara tsofaffi da zawarawa, su karɓi korar tsuntsaye a madadin yaran.

Iya Baiwa, maƙwabciyarta, ta yi dariya har da tafi. "Ke Shekara, duk wannan wahalar don yaran mutane ce? Babu wani mai manyan kunnuwa a ciki?"

"Ni ban san shi ba," in ji Shekara.

Sati uku matan nan suna gonaki takwas, suna jan igiya mai sakaina, suna ihu har murya ta dishe. Gero ya tsira, kuma ba a soke sunan kowa ba.

Bayan girbi, Muntaka ya ɗauki ƙwaryar furar uwarsa, ya ɗora wuƙa a wuta, ya yi zane a gindinta.

"Wace ɓarna ce wannan?"

"Inna, sunan da ba kya faɗa ne. Yanzu sai ki riƙa gani."

Ta kore shi da muciya, idonta cike da hawaye. Shekara ba ta iya karatu ba, amma har ta bar duniya ba ta sake ba kowa aron ƙwaryar nan ba.

Darasi: Yara da yawa ba ƙin karatu suke yi ba, aikin gida ne ke cire su daga aji. Idan ka sauke wa ɗan maƙwabci nauyi ya koma makaranta, naka ma ka buɗe wa hanya. Ku tura wa iyaye da malamai, kada yaro ko ɗaya ya rage a gona.