Ranar Da Ashana Ta Ƙi Kamawa A Ƙofar Gidan Timothy

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake zaɓar wasu bayinsa ya sanya su inuwa ga talikai. Daga cikin irin waɗannan bayi akwai Shaihinmu, malami masani, mai tsentseni da gudun duniya, wanda ya ƙoshi da Fiƙihu da Tafsiri da Luga har manyan malamai suna durƙusawa gabansa a zaurensa na Gobarau, amma bai taɓa yarda almajiri ya ɗaukar masa takalmi ba. Allah ya ƙara masa yarda, ya haskaka makwancinsa. Wannan karamar tasa Rifkatu ce ta ba mu labarinta, kuma da yawa cikin waɗanda suka halarta suna raye.

Rifkatu matar Timothy ce, wani mai gyaran wutar lantarki, Kiristoci ne 'yan Kagoro da suka kama haya a lungun Shaihi. Tun zuwansu Shaihi yake kiranta 'yarsa, ita kuma tana ce masa Baba Malam. Ko da wasu almajirai suka nuna ƙyashin yadda Timothy yake zama a tabarmarsa suna hira, abin da ya ce musu kawai shi ne, "Maƙwabci haƙƙi gare shi, kuma ba a ce mu tambaye shi alƙiblarsa kafin mu biya ba."

Wata rana da bazara, cacar baki ta haɗa Timothy da wani ɗan tireda a Babbar Kasuwa, kafin azahar an juya zancen a wayoyi cewa ya zagi addini, alhali bai yi ba. Ya samu ya sulale gida, Rifkatu ta tura shi ƙuryar ɗaki ta danna sakata, ta goya jaririyarsu Joy, ta tsaya bayan ƙofa tana leƙe ta tsagar ƙyaure tana addu'a irin tasu. Tun daga nesa take jin hayaniyar masu nemansa tana matsowa.

Sai ta hangi Shaihi yana tafe shi kaɗai da buzunsa a hammata, mutumin da ciwon ƙafa ya daɗe da hana shi zuwa masallaci sai an riƙe shi, kuma babu wanda ya kai masa labari, domin almajiransa sun bar shi yana ƙailula. Ya shimfiɗa buzun a bakin ƙofarta ya zauna, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Babu abin da zai same ku yau da izinin Allah."

Sai ga matasa sun iso da sanduna, a gabansu wani ƙaƙƙarfa mai suna Abbas, ɗan wata unguwa can nesa, riƙe da jarkar fetur. Ganin Shaihi wasu suka ja baya, amma Abbas ya ce, "Malam, tashi ka ba mu wuri, ba da kai muke ba."

Shaihi ya ce, "Mutanen gidan nan amanata ne. Nan zan zauna."

Abbas ya kewaye shi ya watsa fetur a bango da ƙyaure, har warin ya shaƙe Rifkatu, jaririyar ta fashe da kuka. Ya zaro ashana ya ƙyasta, ba ta kama ba. Ya sake, ya sake, tsinke yana bin tsinke ƙasa, alhali rana tana tsaka kuma ko ganye ba ya motsi. Wani ya miƙo masa laita, ita ma ko tartsatsi ba ta yi ba. Hayaniyar ta mutu, har Rifkatu tana jin ƙarar carbin Shaihi.

Can Shaihi ya ɗago kai, ya kira shi da sunansa, shi da bai taɓa ganinsa ba. "Abbas, da kunnenka ka ji ya zagi addini?"

Abbas ya ce a waya ya gani.

"To ka gaji. Zo ka zauna." Ya ɗan ɗaga murya, "Ɗiyata, taimaka mana da ruwa, baƙinmu sun sha rana."

Rifkatu ta ce ba ta san inda ta samo ƙarfin zare sakatar ba. Ta fito da kofin ruwa, Shaihi ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa Abbas. Abbas ya dubi kofin, ya dubi jaririyar da ke bayanta, ya durƙusa ya rushe da kuka. Sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu har da barin sandunansu.

Abbas da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da ya koma gida ya gwada tsinken da ya rage cikin kwalin, take ya kama. Kashegari ya dawo da bokiti da omo ya wanke bangon da hannunsa, ya nemi gafarar Timothy a gaban jama'a. Rifkatu ta daɗe ba ta iya haɗa ido da shi, ba ta kuma ɓoye hakan ba, sai da Shaihi ya yi ta haɗa su a zaurensa har zuciyarta ta sauko. Yau idan ta je kasuwa Abbas ne yake tsayar mata da Keke, yana kiranta Yaya, kuma da matarsa ta haihu Rifkatu ce ta yi wa jaririn wankan farko.

Da almajirai suka so yayata abin, Shaihi ya hana su, ya ce, "Ni ban kashe wuta ba. Mai wutar ne bai ba ta izini ba."

Tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba bawansa wannan matsayi, ya kuma ɓoye shi cikin tawali'u. Ya Ubangiji, ka jiƙan Shaihinmu, ka ɗaukaka darajarsa cikin salihai, ka ba mu albarkacinsa, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya. Amin.