Askin Ranar Litinin

Akwai wani mai aski da kowa ke kira Almakashi, saboda bakinsa da hannunsa tare suke aiki, babu mai hutawa. Kirista ne mai tsoron Allah, ga fara'a. Amma akwai mutum ɗaya da in aka ambace shi sai fara'ar ta ɗauke: tsohon maigidansa, wanda ake ce wa Oga.

A shagon Oga ya koyi sana'a. Wata rana injinan aski suka ɓace, Oga ya fito bakin titi ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a, ya watso masa kayansa waje. Alhali ko tsinke Almakashi bai ɗauka ba.

Shekaru sun shuɗe, ya buɗe nasa shagon, amma tabon bai goge ba. Har yanzu wasu in za su zauna a kujerarsa sai sun dafe aljihu, wai wasa suke yi. Shi dai yaƙe yake yi, abin na cin ransa.

Rannan yana yi wa wani direba gyaran fuska, sai direban ya ce, "Ka ji labarin Oganka? Ɓarin jikinsa ya shanye. Gemu ya cika masa fuska, ba ya iya ko sosawa. Duk mai askin da aka kira sai ya kore shi da ɗan bakin da ya rage masa."

Ba zan ɓoye muku ba, Almakashi ya ji daɗi, daɗi har cikin ƙashi. Amma kafin ya gama karkaɗe wa direban gashi, kunya ta rufe shi.

Washegari ya durƙusa addu'a, ya roƙi Ubangiji ya nuna masa nufinsa kamar kullum. Amsar kuwa a fili take. Yesu ya umarta a yi wa maƙiyi alheri. Ga maƙiyi kwance da gemu, ga shi kuma da reza. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai samu wata kafar zillewa ba.

Ranar Litinin, ranar da ba ya buɗe shago, ya haɗa kayan aiki a jaka. Matarsa na shara, ta ɗago kai.

"Sai ina, Baban yara?"

"Gidan Oga."

"Ya mutu ne?"

"Aski zan yi masa."

Ta ajiye tsintsiya. "Mutumin da ya sa na kasa ɗaga kai a layin nan? To, in dole sai ka je, ka ce ya wanke sunanka tukuna. Ba wankewa, ba aski."

"Ni ma haka na so, Maman yara. Na duba umarnin nan sama da ƙasa, ban ga inda aka sa sharaɗi ba."

"To, sai ka dawo, Fasto," in ji ta, ta ci gaba da shararta da ƙarfi.

'Yar Oga ce ta buɗe masa ƙofa. Ɗakin na warin magani, labule a sake. Mutumin da a da muryarsa ke cika titi ya koma ɗan tsurut a kan gado. Da Almakashi ya matso da kwanon ruwan ɗumi, Oga ya sa hannunsa mai lafiya ya kaɓar da shi.

"Fita," ya ce da ƙyar.

Almakashi ya nemi tsumma, ya goge ruwan tas, ya ɗauki jakarsa. "Sai Litinin, Oga."

Da ya koma, Oga ya juya fuska bango. Wata Litinin ɗin kuma ya yi barcin ƙarya, har da minshari. A gida matar Almakashi ta ce rezarsa ta fi kowace reza yawon shan iska. Ya ce mata, "Ba a ce in yi nasara ba. Cewa aka yi in je, kuma zan je."

A ƙarshe ƙaiƙayi ya yi abin da lallashi ya kasa. Fatar ƙarƙashin gemun ta yi ƙuraje, Oga ya gaji, ya ɗaga haɓa.

Almakashi ya rage tsawon gashin, ya ɗora tawul mai ɗumi, ya shafa kumfa. Ya bi kwanciyar gashi a hankali, yana kauce wa ƙurajen. Da reza ta sauko maƙogwaro, sai ya ga jikin tsohon na ɓari, idanunsa a runtse.

"Kwantar da hankalinka, Oga. Kai ka koya mini riƙon reza."

Hawaye ya gangaro cikin kumfar. Oga ya yi ta fama da harshe har maganar ta fito. "Ɗana ne... ya sayar da injinan. Na sani... tun tuni."

Tun tuni. Ashe duk shekarun nan ya sani, girman kai ya hana shi faɗa. Wani irin fushi ya taso wa Almakashi. Ya ajiye rezar, ya fita baranda, ya dafa bango.

"Ya Ubangiji, da ƙarfina ba zan iya ba. Amma kai ka aiko ni, ba zan bar aikinka rabi ba."

Ya tsaya har numfashinsa ya daidaita, ya koma ciki ya ƙarasa askin, ya goge fuskar ya shafa mata mai. Bai nemi Oga ya faɗa wa kowa ba. Abin da ya ce kawai, "Na yafe, Oga. Sai Litinin."

Oga bai jira Litinin ba. Ranar Asabar, shago cike da masu jiran layi, sai ga 'yarsa ta turo shi a keken marasa lafiya. Ya nuna a kashe rediyo. Kalma na fita ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda bai ji ba.

"Wannan... ba ɓarawo ba ne. Ni na yi masa... ƙarya."

Masu wasan dafe aljihu suka sunkuyar da kai. Matar Almakashi, wadda ta kawo masa abinci, tana tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen ɗankwali. Ta dubi tsohon, sannan ta ce, "Ku matsar da Baba kusa da fanka, akwai zafi."

Darasi: Biyayya ga Allah ba ta jiran sai ranka ya so, ba ta kuma sa sharaɗi. Sau da yawa nufinsa na nan cikin aikin da ke hannunka da mutumin da ba ka son gani. Ka yi naka, ka bar wa Allah wanke sunanka. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, ka tura wa wani, wataƙila akwai ƙofar da ya daɗe yana gudun ƙwanƙwasawa.