Zanen Jatau a Bangon Gabas

A wani zamani da ya shuɗe, tun birane na kwana cikin ganuwa, an yi wani sarki mai son gini kamar ransa. Wata rana fatake suka yabi zauren wani sarki a gabansa, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya yi doka a gina sabon zaure, a ƙawata bangonsa da zanen da ido bai taɓa gani ba. Aka ɗora aikin a kan Jatau, maginin da duk ƙasar babu na biyunsa, da sharaɗin in zane ya yi kyau a naɗa shi Sarkin Magina, in kuwa ya kunyata fada a sare hannun da ya yi shi.

Waziri aka wakilta ya kawo ƙasa, mutum mai zaƙin baki da mugun ciki. Ramin da ake haƙo jar ƙasa yana da nisa, shi kuwa so yake sarki ya yaba masa da sauri. Sai marar tsoron Allahn nan ya sa aka haƙe tsohuwar maƙabartar da ke bayan unguwar magina, ya zuba dogarai kada kowa ya matso.

Al'adar magina ce a jiƙa ƙasa a tattake ta da ƙafa, Jatau kuwa ba ya barin kowa ya taka masa ƙasar zane. Yana cikin takawa sai wani abu ya soke shi a tafin ƙafa. Ya duƙa ya zaro, ashe ƙashin yatsan mutum ne. Ya titsiye masu jakunan da suka kawo ƙasar har suka faɗa masa inda aka ɗebo. A can mahaifiyarsa take kwance.

Ran Jatau ya ɓaci. Ya nufi fada, Waziri ya tare shi a ƙofa, ya ce masa ƙasa dai ƙasa ce, ya koma bakin aikinsa tun yana da hannun yi. Jatau ya komo yana huci. Dā dagi ya yi niyyar zanawa da takubba da tsuntsaye, amma duk suka fice masa daga kai. Ya tankaɗe ƙasar nan kaf, ya tsince abin da ya tsince, ya rufe zauren da asabari, ya hana kowa leƙawa.

Ran da aka buɗe, sarki ya shigo da hakimai da malamai. Bango uku sumul, ko ɗigo babu. A bangon gabas kuwa, daga ƙasa har rufi, dogayen tudduna ne jere, kowanne an zagaye shi da zanen furanni mai kyan gaske. Kowa ya gane siffar kabari.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ai ga ta a fili, maginin nan mutuwa yake yi wa sarki fata, a kira Hauni ya raba shi da hannunsa. Fuskar sarki ta murtuke. Ya tambayi Jatau wane shaiɗan ne ya raɗa masa wannan zane.

Jatau ya durƙusa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ƙasar da aka kawo mini ce ta ba ni zanen. A fasa ɗaya a gani. In babu kowa a ciki, ga hannun.”

Aka fasa na ƙasa. Sai ga ƙasusuwa naɗe cikin farin ƙyalle, an fuskantar da su alƙibla. Jatau ya zayyana yadda aka yi, aka kira masu jakuna suka shaida. Jatau ya ce, “Iyayenmu ne. An sa na tattake su da ƙafata, an hana ni ganinka. Na ce to bari in kawo su gabanka su kai ƙararsu da kansu.”

Waziri ya soma kame-kame, wai don sarki ya yi. Sarki ya daka masa tsawa, ya sa aka warware masa rawani a gaban jama'a, ya yanke masa hukuncin cike ramin da aka haƙa a maƙabartar da kansa, kwando bayan kwando, sannan ya bar ƙasar. Sarki ya umarci malamai su mayar da mamatan makwancinsu da addu'a, ya ce kuma babu mai zama cikin zauren nan har abada. Jatau ya tsira da hannunsa, aka naɗa shi Sarkin Magina, ko murmushi bai yi ba.

Da mutane suka watse, sarki ya tsaya yana duban bangon. Ya tambayi Jatau a hankali wanne ne na mahaifiyarsa, don a yi mata sutura ta musamman.

Jatau ya ce, “Ban sani ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa na yi wa kowanne ado iri ɗaya.”